Ƙanzon Tukunyar Dada

Ranar wata Laraba ce cikin marka, da hantsi. Ruwa ya ɗan tsagaita, na durƙusa a bakin rariya ina kankare tukunya. Da na gama na ce bari in miƙe, sai cinyoyina suka ƙi. Da farko ba ciwo na ji ba, kamar dai na kira mutum ne bai amsa ba. Na sake yunƙurawa, wani zafi ya taso daga ƙuguna ya ratsa har gadon baya. Ban san sanda na dafa gwiwoyina da hannu biyu ba, na tura, na riƙa ɗagowa kaɗan-kaɗan har na tsaya.

Ina ɗaga kai muka haɗa ido da Dada. Dada kakata ce, uwar mahaifina, ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Tana kwance a ƙofar ɗakinta, inda muke shimfiɗa mata tabarma tun da ta karye.

Ta ce, "Dije, koma ki tsuguna ki tashi in gani."

Na ce, "Santsi ne, Dada."

"Santsin ne ya dafa miki gwiwa?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ita ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon ƙafafuna, sannan ta juya fuska bango ta ce, "Haka ya fara wa Aisa. Haka ya fara mini. Amma mu sai da muka ga jikoki."

A danginmu akwai abin da ake ce wa ciwon matan gida. Mace tana manyanta sai ƙugu ya riƙe, cinya ta saki, baya ya lanƙwashe, har ta koma ba ta ganin sama sai ta karkata kai. Aisa ƙanwar Dada ce, muna ce mata Dada Ƙarama. Ta shekara biyar a zaune kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma da aka zo yi mata wanka sai da aka yi dabara, don bayan ya ƙi miƙewa. Ita kuwa Dada, bazarar bana ta juya za ta ɗauki moɗa a kan randa, ƙafarta ta goce, ta zauna daɓas. Zama ne kawai, ba daga bishiya ta faɗo ba. Ƙashin ƙugunta ya karye. Mai ɗorin da ya zo ya laluba ya laluba, ya fito yana girgiza kai, ya ce wa maigidana, "Malam, na ɗaure, amma ƙashin nan kamar karan dawar da gara ta cinye cikinsa." Kowa ya ce gado ne, a jini yake. Ni kuma ga ni da shekara ashirin da biyar, da goyo a baya, da wata tana tatata.

Yau da nake rubuta wannan an fara gasa tumu a Azare, damina tana shirin fita, amma har yanzu ban manta da safiyar nan ba.

Na ɓoye. Sati uku ina ɓoyewa. In zan tashi sai na duba ba mai kallo. Salla na koma yi a cikin ɗaki, a zaune. Ruwa kuma kullum zuba yake, ƙasa ta jiƙe sharkaf, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika madafa. A cikin wannan zaman ne warin jiƙaƙƙen bango da ɗanyen itace ya riƙa mayar da ni wata damina, kusan shekara ashirin baya, a ƙauyenmu na bakin fadama kusa da garin Katagum. Ina da shekara bakwai.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Da rana in ka taka yashi ba takalmi sai ka yi tsalle, kaji suna buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, rijiya ta ja baya har aka ƙara wa guga igiya. Sai ruwan farko ya sauka da wuri, mai yawa. Aka yi murna. Baba da Kawu suka ɗauki sungumi suna sara, mu yara muna bin su da ƙoƙon iri, mu jefa gero mu rufe da diddige. Shuka ta fito kore shar. Daga nan sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya, sai ya watse ba ko ɗigo. Shukar ta murɗe, ta yi fari, ta kwanta.

Da ruwa ya dawo aka sake shuka. Ta sake ƙonewa. Iri na uku daga cikin abin da za mu ci aka ɗebo shi. Na tuna Baba ya shiga rumbu har kansa ya ɓace, muna jin ƙarar ƙwarya tana karce ƙasa.

Sannan ruwa ya zo da gaske, kamar yana biyan abin da ya riƙe. Gero ya tashi, ciyawa ta fi shi tashi. Ga noma ya zama dole, ga ciki ba komai. A da in an yi gayya, da tuwo da fura ake tarar manoma, har a yi kiɗa. A shekarar nan gayya ba ta fasa ba, yau gonar wannan, gobe ta wancan, amma kunun dusa ake kai musu, kuma ba mai waƙa. Sai ƙarar fartanya kawai.

Mu tara ne a gidan, kuma tukunya a hannun Dada take. Ta mayar da tuwo sau ɗaya a yini, gab da magariba. Da safe ita da Dada Ƙarama su bi sauran mata zuwa fadama, su shiga ruwa har ƙugu suna tsinko bado, su fito matsattsaku sun maƙale musu a ƙwauri, jini yana bin ƙafa. A shanya bado in an samu rana, a daka, a gauraya da ɗan garin da ya rage. Mu yara aikinmu tsinko tafasa da rama. Miya kuwa karkashi ne da gishiri, wata rana ba daddawa.

Rabon tuwo yana da tsari, ba ya sauyawa. Dada za ta zauna a kan kujerar tsuguno, tukunya tsakanin ƙafafunta, mara a hannu. Akushin maza da farko, don su ne ke riƙe fartanya. Sai matar Kawu, don tana da goyo. Sai mu yara, kowa malmalarsa ƙarama kamar ƙwan zabo biyu. In ta gama sai ta zuba ruwa a tukunyar ta rufe. Bayan kowa ya ci ta kankare ƙanzon da ya jiƙa, ta raba biyu da ƙanwarta, su zauna bayan ɗaki su sha. Baƙi ne, yana ɗaci, yana warin ƙuna.

Akwai wata akuya da ta haihu, ana samun ɗan nono cikin ludayi biyu. Mu yara ake ba. In an miƙa wa Dada sai ta ce nono yana ɓata mata ciki. Akwai ƙananan kifaye da mata ke kamawa da ƙwarya a bakin tabki, a busar, a daka har ƙaya a zuba a miyar yara da ta maza. Dada ta ce ƙarninsa yana tayar mata da zuciya. Muka yarda. In ta fita fadama takan ɗaure cikinta da tsohon ɗankwali, tamau, ta ce don bayanta ne.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata rana na cinye nawa, na lashe hannu, cikina bai san an yi ba. Na zagaya bayan ɗaki na tsaya a gaban Dada ina kallon ƙwaryarta.

Ta ce, "Ke, idon nan naki zai faɗo cikin ƙwarya."

Ban motsa ba. Ta miƙo mini. Na shanye tas.

Washegari na koma. Jibi ma na koma. Dada Ƙarama ta ce, "Yaya, ki kori 'yar nan. Ke ma fa rai gare ki."

Dada ta ce, "Ni na gama girma. Ita ce da sauran aiki."

"To gobe in kin faɗi a cikin ruwa, ita za ta ɗauko ki?"

"In na faɗi ki ja ni ta ƙafa, ai ba nauyi gare ni ba."

Suka yi dariya su biyu, ni kuma ina lasar ƙwarya. Haka na yi har damina ta fita.

Ranar da aka karyo tumun farko ba zan manta ba. Aka gasa a tsakar gida, muna murzawa a tafin hannu da zafinsa, muna hurawa, muna watsawa a baki. Kaka ta yi dama-dama. Tuwo ya koma sau biyu, fura ta dawo, Fulani suka dawo da ƙoren nono suna zagaya gidaje. Kowa ya koma cin abincinsa.

Ban da Dada da ƙanwarta. Su ba su dawo ba. Labarin abin da suka yi ya zaga ƙauye, ana yaba su a gidan biki, ana ce wa amare su yi koyi da su. Abin da yunwa ta tilasta sai ya zama kunya, ya zama tarbiyya. A gidanmu mai kwasar tuwo ba ta saka wa kanta malmala, ƙanzo ne rabonta, sai fa ɗan kunu da safe da goro. In baƙuwa ta kawo wa Dada kindirmo, mu da kanmu muke tarewa mu ce, "Ai Dada ba ta shan nono." Shekara da shekaru muna faɗin haka, har da alfahari.

Daga baya aka ɗauke ni makaranta, har na kai ta 'yan mata a Kano. A can akwai darasin kula da gida. Malamar ta zana mana a allo: madara, ƙwai, wake, kifi, ganye. Ta ce wannan ke gina tsoka, wannan ke ƙarfafa ƙashi, kuma tsoho yana bukatarsu kamar yadda yaro yake bukata. Na kwafe da kyakkyawan rubutu, na haddace, na zo ta ɗaya a jarrabawar. In na zo hutu sai in ga bayan Dada ya ƙara sunkuyawa, hannunta ya ƙara sirancewa, in ce Allah sarki tsufa. Tsarabar da nake kawo mata goro ne da turare. Abin da ke cikin littafina da abin da ke cikin ƙwaryarta ban taɓa ajiye su wuri ɗaya na duba ba. Wallahi ko sau ɗaya.

Da aka yi mini aure aka kawo ni Azare. Malam malamin makaranta ne, mutumin kirki, kuma shi ya ce in ɗauko Dada bayan rasuwar Baba. Amma matan unguwa ido suka zuba mini. Na ji da kunnena wata tana cewa, "'Yar boko ce fa, an ce da cokali suke ci, kuma tare da miji." Na ce a raina za su gani. Na ɗauki mara na zauna yadda na ga Dada tana zama. Gidanmu ba ya rabuwa da baƙi, 'yan'uwan Malam daga garuruwan Yana da Zadawa, in sun zo cin kasuwa nan suke sauka. Nama da kifi su tafi zaure, abin da ya saura na yara da Dada, wadda ita ma turewa take yi. Ni in zuba ruwa a tukunya in rufe. Ba rashi ba ne, akwai hatsi a gidan. Malam a zaure yake ci, bai san me ake ciki ba. Arba'in ɗin jego kaɗai na ci nama sosai, ina gamawa na koma. Na yaye ta fari ke nan na samu cikin na biyu. Fita kuwa sai in an yi rasuwa ko haihuwa, tsakar gidan kuma ceɗiya ta rufe shi da inuwa. Matan unguwa suka daina gulma, suka koma cewa ashe boko bai ɓata ta ba. Na ji daɗi.

Duk wannan na tuna shi a cikin sati ukun nan, amma ban haɗa shi da ciwona ba. Abin da na sani kawai shi ne gado ya iso ni da wuri. In na ɗauki yaron sai in ji tsoron hannuna zai saki. In na kalli 'yar babbar tana wasa da ƙasa sai in ce ke ma yana nan yana jiranki. Na riƙa ganin kaina a kan tabarmar ƙofar ɗaki, ana juya ni, ana kawo mini kasko, shekara talatin ko arba'in. Dada ta sa aka samo mini saiwoyi na maganin sanyin ƙashi, na sha har harshena ya yi baƙi. Wata rana ina shafa mata man shanu a baya ta kama hannuna ta ce, "Ki yafe mini, Dije. Ban bar miki gona ba, ban bar miki saniya ba, sai wannan na gadar miki." Na ce ta daina, Allah ne ya ƙaddara. Muka yi kuka mu biyu.

Malam ne ya gano. Ya dawo daga makaranta da azahar, na taso da butar alwala, ya tsaya yana kallona yana murmushi.

"Yau kuma tafiyar agwagwa ake koya?"

Butar ta faɗi. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, irin wanda ban taɓa yi a gabansa ba. Murmushin ya ɓace. Ya tsuguna ya ce, "Subhanallahi. Tun yaushe?" Na gaya masa duka. Ya ce, "Kin yi karatu, kin san hanyar asibiti, kika zauna kina shan saiwa?" Na ce ai gado ba ya jin magani. Ya ce, "To mu je su faɗa da bakinsu."

Washegari na lulluɓa muka tafi. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai da na huta sau uku. Hanya duk taɓo, kwaɗi suna kuka a kududdufi. Muka jira a baranda har rana ta ɗaga.

Likitan ya danna ƙwaurina da haƙarƙarina, na yi ƙara. Ya sa na tsuguna in tashi, na kasa sai da dafawa. Ya duba idona da harshena, ya tambayi goyo nawa, wata nawa, ina fita rana ko ba na fita. Ya ce me nake ci. Na ce tuwo. Ya rubuta. Amma akwai wata ma'aikaciya a tsaye kusa da shi, Malama Yagana, babbar mace, Babarbariya, da tsage a fuska. Ta harare ni.

Ta ce, "Tuwo. Wane ɓangare na tuwon?"

Na juya na kalli likitan.

"Ke nake tambaya, 'yar nan. Jiya da safe me ya shiga bakinki?"

"Kunu."

"Da rana?"

"Goro."

"Da yamma?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ƙanzo."

Ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Mijinki fursuna ne ko malamin makaranta? Nono fa? Wake? Kifin nan da ake zubarwa a kasuwa kamar yashi?"

Na ce mata a gidanmu mai kwasa ba ta saka wa kanta. Na gaya mata na Dada, da na Dada Ƙarama, da ciwon matan gida. Ta saurara har na gama, ta juya ta yi wa likita bayani, suka yi magana a tsakaninsu. Ina jin Turancin amma tsoro ya toshe mini kunne. Abin da nake jira kawai in ji an ce ba magani.

Ta jawo benci ta zauna kusa da ni, muryarta ta sauka.

"Saurara. Yaron da ke bayanki ba ruwa yake tsotsa ba. In ba ki ci ba, daga ƙashinki da tsokarki jiki zai ɗiba ya ba shi. Kin ba ta fari, kin ba na biyu, ba ki mayar da komai ba, ga shi ko rana ba ta ganinki. Ba a jininku yake ba. Tukunya kuka gada."

Na ce, "Zan lanƙwashe?"

"Ba za ki lanƙwashe ba. Da sauran ƙuruciyarki, ƙashinki zai cike in kin ba shi abin cikewa. Za a ba ki man kifi, cokali ɗaya kullum, yana da ƙarni, ki toshe hanci ki haɗiye. Nono kullum. Wake, gyaɗa, zogale, ƙananan kifi har ƙayarsu. Da hantsi ki fito ki zauna inda rana take, ki buɗe hannu da ƙafa. Malmalarki kuma ki fara saka ta kafin ta zaure, ni zan gaya wa Malam ɗin da kaina. Kafin a gama girbi za ki tashi ba dafawa. Kin ji ni? Kin tsira."

Daga masallacin da ke bayan asibiti aka fara kiran azahar. Na so in yi hamdala da ƙarfi, amma bakina wani abu ya faɗa.

"Kakata fa?"

Ta ce, "Ki ba ta duk abin da na lissafa miki. Ki lallashe ta, ko ki yi mata faɗa, yadda duk za ta karɓa. Zai rage mata ciwo, hannunta zai ɗan yi ƙarfi. Amma abin da ya riga ya lanƙwashe, sai haƙuri."

"Da an kawo ta tun ina yarinya fa? Tun bayanta yana miƙe?"

Malama Yagana ta miƙa mini kwalbar man kifin, ta naɗe yatsuna a kanta da hannunta.

Ta ce, "Da abin da na gaya miki yanzu shi zan gaya mata."